Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Python, Daga Dogon Dutsi

Zuwa ga Malam Python,
Harshen rubuta manhajar kwamfuta,
Ɗan gidan Guido van Rossum.

Allah gafarta Malam,

Mutanen Arewa suna gaishe ka, tun daga Matankari har Tibiri da Kore Mairuwa. Muna jin labarin ɗaukakarka. Ka fito duniya a Amstadam ta ƙasar Holand a 1991, ga shi yau har cikin kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu a gindin dutsenmu kana zaune kana ba da karatu. Allah ya ƙara basira.

Dalilin wannan takarda kuwa ƙorafi ne. Malam, kana da ilimi, amma kana da rowar magana.

A watan Disamba na 2008 ka sauya ƙa'idojin rubutunka, ka zama Python 3. Ranar 1 ga Janairun 2020 kuma aka yi jana'izar Python 2, kowa ya watse. Sai dai sanarwar rasuwar ba ta iso ko'ina ba. Nan wurinmu darasi ba ya mutuwa. Kuɗin intanet ba na wasa ba ne, don haka karatu yana yawo ne a kile da katin waya da fotokofi, daga hannun wa da ya yi jami'a a Yamai zuwa hannun ƙane, daga ƙane zuwa abokinsa. Wata takardar ta girmi mai karanta ta, kuma babu inda aka rubuta mata ranar lalacewa.

Sai yarinya ta zauna da yamma, ta aro kwamfutar da aka yi wa caji da hasken rana, ta shimfiɗa takardar a gwiwa, ta kwafe layi harafi bayan harafi: raise ValueError, "babu kuɗi". Ta danna. Kai kuma ka buɗe baki ka ce SyntaxError: invalid syntax, ka kafa ɗan kibiya ƙarƙashin waƙafi, ka yi shiru. Kalma biyu na Ingilishi, ga wadda ta yi lakkwal da Faransanci, take kuma tunani da Hausa. Ta duba takarda, ta duba allo, ta sake dubawa da yatsa. Babu harafin da ta tsallake. To ina laifin yake? Tunda Malam ba ya kuskure, takarda kuma daga jami'a ta fito, sai ta yanke hukunci cewa kanta ne bai ja. Ta rufe kwamfuta. Ka yi asarar almajira a kan waƙafi guda, alhali ka san sarai abin da take nufi, domin da bakinka ka koyar da wannan rubutun kusan shekara ashirin.

Manyanmu suna tuna 2004, lokacin da babban bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun sefa. Wanda ya zo kasuwar Dutsi da tsohuwar jika, mai tebur na kirki ba ya ce masa wannan ba kuɗi ba ne. Ce masa yake: Baba, wannan ta da ce, an sauya, ga kamar sabuwar, ga inda ake canji. Abin da muke nema gare ka ke nan, ba ƙari.

Kuma mun san za ka iya, don ka taɓa yi. Wanda ya rubuta print "Sannu" irin na da, tun 2014 kake gaya masa cewa baka biyu ne suka ɓace. Daga 2017 har ka ƙara ladabi, kana tambayarsa ko print(...) yake nufi. A Python 3.10 na Oktoban 2021, da ƙoƙarin Pablo Galindo Salgado da abokan aikinsa, ka koyi cewa an buɗe baka ba a rufe ba, ko wataƙila an manta waƙafi. A 3.11 ka fara nuna ainihin gaɓar layin da ta karye. Wanda ya sa sifiri gaban lamba, irin 0777, kana yi masa bayanin yadda ake rubuta ta yanzu. Yabon gwani ya zama dole. Amma me ya sa irin su print suka zama 'yan lele, sauran 'yan uwansu suka zama 'yan bora?

Dubi abin da ka yi wa except. A da ana rubuta except ValueError, e: don a kama kuskure a raɗa masa suna. Maganinsa yau kalma ɗaya ce, a cire waƙafi a sa as. Daga 3.10 sai ka riƙa ce wa yara su sa baka biyu. Yaro mai biyayya ya sa, ka karɓa da fara'a, ya yi murna. Sai ranar da kuskuren gaske ya auku ka tashi ka ce ba ka san wani mai suna e ba. Wato ka nuna masa hanya da hannunka, hanyar kuma rami gare ta. A 3.14 na Oktoban 2025 abin ya ƙara armashi: ka halatta waƙafin ba tare da baka ba, da wata ma'ana dabam. Yanzu tsohon layin yana wucewa ba ko tari, sai can gaba ya fashe.

Shirun nan naka ya fi faɗanka ban tsoro. A da idan aka ce ka raba 7 gida 2, sai ka ce 3. Yanzu 3.5 kake cewa. A lissafi ka yi daidai. Amma tsohuwar manhajar da ke raba ɗalibai a benci za ta sanar da mushe cewa kowane benci zai ɗauki yaro uku da rabi, kai kuma ko uffan. Wanda ya kira raw_input kuwa, cewa kake ba ka taɓa jin sunan ba, alhali shi ne ka mayar input. Sannan a 3.13 na 2024 ka sallami 2to3, tafintan da ke juya tsohon rubutu zuwa sabo, ka haɗa da cgi da wasu tsofaffin kayan aiki. Mai neman su sai ya ji babu, kamar ba a taɓa yi ba.

Na san amsarka. Za ka ce harshe ba ya ɗaukar kayan matattu har abada, kuma masu kula da kai yawancinsu aikin sa-kai suke yi. Mun yarda. Ba mu ce ka tono Python 2 daga kabari ba, Allah ya jiƙan maza. Buƙatunmu uku ne. Na farko, idan ka gane rubutu tsohon yayi ne, ka faɗa ƙarara cewa wannan na Python 2 ne, domin yaro ya san takardarsa ce ta tsufa. Na biyu, ka rubuto sabon layin cikakke, yadda ko wanda bai iya Ingilishi ba zai kwafa ya wuce. Na uku, inda tsohon rubutu ya shige da sabuwar ma'ana, ka yi gyaran murya ko sau ɗaya. Batun yi mana bayani da Hausa, wadda Nijar ta ayyana harshen ƙasa a 2025, mun ajiye shi sai wasiƙa ta gaba, kada mu cika maka kunne.

Idan ka yi kunnen uwar shegu, za mu ɗaukaka ƙara gaban majalisar mutum biyar da ke riƙe da gidanku tun bayan murabus ɗin Guido a 2018. Idan can ma aka ce mana invalid syntax, to Lugu ba nisa, kuma dutsen Tunguma bai daina sauraron shari'a ba.

A gaida mutanen gida. Haza wassalam.

Naka almajiri,
Wani mai koyar da kwamfuta,
Dogon Dutsi, jihar Doso.