Masu Sihirin Gado a Teburin Wasa

Tun 1974 da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, masu tsara wasan suke fama da ciwon kai guda. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye teburi, kowa da jaruminsa, jagora yana ba da labari, ƙwayar ludo mai fuska 20 tana yanke hukunci. To wasu halittun a nono suka sha sihiri, wasu kuwa sai dai su yi haƙuri da takobi. Don kada wani ya danne wani, aka sa wa baiwar takunkumi: ko a jinkirta ta sai an kai wani mataki, ko a ce sau ɗaya a rana, ko a haɗa ta da wani rauni. A takarda lissafi ya fita. Saura 'yan wasan.

Na farko Akanta. Shi labari bai dame shi ba, riba yake nema. Tun da littafin Volo's Guide to Monsters na 2016 ya kawo yuan-ti, masu jinin maciji, ya liƙe musu: a wancan littafin dafi ba ya kama su, in kuma aka jefe su da sihiri, ƙwaya biyu suke jefawa su ɗauki babba. Tambaye shi garin su jarumin nasa, sai ya ce bari ya duba takarda.

Sai Ɗan Sama, mai aarakocra, mutum-tsuntsun da a tsarin 2015 yake tashi ƙafa 50 tun daga matakin farko. Jagora ya kwana yana zana kogi da karyayyar gada da kadoji. Ɗan Sama ya ce, "Na tsallake," ya ci gaba da cin gyaɗa. Daga ranar, kowane kogo rufinsa ya sauko, kowane ɗan fashi kuma ya zama maharbi. A 2022 aka rage masa gudu zuwa ƙafa 30, har yau yana karɓar gaisuwa.

Akwai Mai Mantuwa, wanda ya ɗauki drow, mazauna ƙarƙashin ƙasa. Ya haddace cewa a mataki na 5 zai iya saukar da duhu. Abin da kullum ke shige masa shi ne a bugun 2014 hasken rana na kashe wa jaruminsa ido. Da an tuna masa sai ya ce, "Ai na ga kamar akwai hadari," ko kuma, "Malafa ce fa a kaina."

Marowaci kuwa tiefling gare shi, mai rama duka da wuta sau ɗaya kafin dogon hutu. A sare shi, ya ce ba yanzu ba. A soke shi, ya ce babban dodon na gaba. Haka zai faɗi matacce da wutarsa sabuwa fil, ko ashana bai kunna da ita ba.

Kishiyarsa Sarkin Barci. Yana shiga kurkukun, ya ga ɓeraye uku, ya fesa musu wutar bakin jaruminsa dragonborn, wadda sai an huta take dawowa, sannan ya miƙe ƙafa: "Jama'a, mu ɗan huta awa ɗaya." Gimbiya na can ana wasa wuƙar yanka ta, shi yana neman matashi.

Kada a manta Dattijo. A bugun 3.5 na 2003, in kana son drow sai ka biya da mataki biyu, abokanka su wuce ka kana kallo. Dattijo ya biya, kuma bai yafe ba. "Yaran yanzu komai a ɓagas," in ji shi, duk da ba wanda ya tambaye shi.

Shi ma jagoran akwai irinsa, wato Mai Almakashi. Mai tashi haramun, mai jinin maciji haramun, mai gani a duhu sai an duba. Ya ce kowa ya zama ɗan Adam a huta. Akanta ya yi murmushi, don a bugun 2014 akwai ɗan Adam mai samun ƙwarewa ta musamman tun daga matakin farko, kuma yana cikin mafiya ƙarfi.

Kamfanin Wizards of the Coast bai gaji da gyara ba. A 2020 ya sassauta dokokin gadon, a 2024 ya sake fito da littafin 'yan wasa. Amma akwai baiwa ɗaya da har yau ba a samo mata takunkumi ba, ta Mai Layar Zana. An tsayar da rana, an soya nama, jagora ya jera dodanninsa, kowa ya zauna. Saura minti goma sai ga saƙonsa a WhatsApp: "Ku yi haƙuri, wani uzuri ya taso." Wannan sihirin ba ya jiran mataki, ba ya buƙatar hutu, kuma shi kaɗai ne yake kashe duka jaruman a lokaci guda.