Mura a Tsakiyar Hamada

Mai shirin komawa Dubai da zama, kada ka manta da rigar sanyi. E, rigar sanyi. A watan Yuli zafi kan haura digiri 40 a waje, amma ofis da kanti da masallaci duk an mayar da su firji. Sai ka ga Basakkwace, gwanin shan rana tun kaka da kakanni, yana jan majina.

Wanka kuwa sai da ilimi. Tanki na kan rufi, rana ta dafa ruwan tun da hantsi. Famfon sanyi ke ƙona mutum. Tsofaffin hannu sukan kashe hita, su nemi ruwan sanyi a famfon zafi.

Baƙo, taɓa da ɗan yatsa tukuna.