Fari a Bakin Teku? Ku Gama Dariyar Tukuna

To, sarakunan gardama, na ji ku. Wai a yi maganar fari a inda manomi ke zuwa gona cikin kwalekwale! Kun ce masanan da ke wannan magana aikin yi suka rasa, ko kuwa kuɗin bincike suke farauta. Madalla. In kun gama ƙyaƙyatawa ku ba ni aron kunne.

A kudancin Biyetnam kogin Mekong ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, kuma kusan rabin shinkafar ƙasar daga nan take fitowa. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Akara sun san ta a tukunya. A ranin 2016 ruwan gishiri ya kutso cikin wasu kogunan yankin har kusan kilomita 90, shinkafa ta ƙone a tsaye alhali ga ruwa maƙil a gefen gona. A 2020 abin ya dawo, larduna 5 suka ayyana dokar ta-ɓaci, mutanen Ben Tre, ɗaya daga cikin lardunan, suka koma sayen ruwan sha a tanka. Malam mai musu, wannan wane suna za ka raɗa masa, ranka ya daɗe? Damina?

Kokawa ce kullum tsakanin kogi da teku. Muddin kogi na da ƙarfi, shi ke tura gishiri baya. Ranar da ya rame, teku sai ta bi shi har gida.

Shi ya sa mai auna haɗarin gobe ba ya tsayawa kallon hadari a saman gonar. Sai ya tambayi ruwan da ya sauka can Lawos da Kambodiya, da abin da manyan madatsun China ke riƙewa ko sakewa, da shekarun El Nino masu kawo fari irin ta 2016. Ga rijiyoyin burtsatse suna zuƙe ruwan ƙasa, ƙasar tana lotsawa, a wurare da dama ma fiye da saurin tashin tekun. Ga masu haƙar yashi suna zurfafa gindin kogi, wato suna share wa gishiri hanya, har da ladan dako.

Na san inda kuka laɓe. Za ku ce ai hasashen kwamfutocin nasu bai jitu ba, wannan ya ce ruwan sama zai ƙaru, wancan ya ce zai ragu. Gaskiyarku, na ba ku wannan, ku riƙe da kyau don ita kaɗai za ku samu. Amma lotsawar ƙasa da tashin teku aunawa ake yi, ba duba ba ne. Ko da ruwan damina ya ƙaru, shinkafar watan Maris ba za ta sha ambaliyar Satumba ba.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ya shirya mu je Ben Tre a tsakiyar rani. Ni zan sayi ganyen shayi da sukari, shi kuma ya ɗebo mana ruwa a kogi, kofin farko nasa ne.