Kujerar Gefen Direba

Bayan la'asar muka taso daga Zariya, mu biyar a mota: Yaya a sitiyari, Hajiya a gefensa, ni da 'ya'yansa biyu a baya. Kafin mu kai Tashar Yari ya amsa waya sau uku. Dab da Kwanar Dangora saƙo ya shigo masa, ya ɗora wayar a kan sitiyari yana karantawa, babban yatsansa yana rubuta amsa, allurar gudu tana kan 120. Tirelar da ke gabanmu ta rage gudu. Allah ne kaɗai ya ɗago masa kai. Ya take birki, ƙaramar yarinyar ta bugi bayan kujerar Hajiya da goshi, motar ta yi gefe ta dawo. Ya ce, “Kai, direbobin manyan motocin nan sai addu'a!” Hajiya ba ta tanka ba, sai ƙarar carbinta da na ji ta ƙara sauri. Ni ma na haɗiye tawa, na rungume yarinyar ina murza mata goshi har muka wuce Kura.

Yaya ba mai zafi ba ne. Amma shi ya riƙe gidanmu tun rasuwar Baba, shi ya biya mini kuɗin makaranta har na gama, shi ya yi mini kayan ɗaki. Ƙanwar da aka yi wa wannan ba ta da bakin da za ta gyara wa wanta tuƙi. Kuma ma ya iya: shekara 22 yana jan mota, ko kaza bai taɓa takewa ba, yakan faɗa. Hajiya kuwa ɗan farinta ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In tana son wani abu a wurinsa sai ta dubi ɗayanmu ta ce, “A gaya wa mai motar nan gobe ina da asibiti,” alhali yana zaune a gabanta.

Bayan isha'i muna ɗakinta, yana cin tuwo, wayar a kan gwiwarsa tana haske tana mutuwa. Na gyara zama, na juya masa gefe, na ce, “Hajiya, bari in ba ki labarin wani shiri da nake kallo a YouTube.”

Ta ce, “Na Indiya ne?”

Na ce a'a, na Kanada ne, kuma ba wasan kwaikwayo ba ne, mutanen gaske ne. Sunansa Canada's Worst Driver, wato direban da ya fi kowa ɓarna a Kanada. Tashar Discovery ta can ta yi ta nuna shi daga 2005 har 2018, zango 14. A Birtaniya aka fara irinsa, su suka ɗauka suka gyara. Na Birtaniya ya fi kama da gasa, su kuwa suka mai da nasu wajen gyaran hali, har sunan wurin ma cibiyar gyaran direbobi suke ce masa. Kowace shekara sukan tara mutum takwas daga sassan ƙasar, su kai su wani fili da ba kowa. Sun yi a tsohon sansanin soja, sun yi a tsohon gidan yari a garin Guelph, daga baya suka daɗe a wani filin jirgin sama a Dunnville, duk a lardin Ontariyo. Kana isowa mai gabatar da shirin, Andrew Younghusband, zai miƙa hannu ka ba shi lasisinka. Ba za ka sake ganinsa ba sai malamai sun yarda ka gyaru. Kusan kowane mako a sallami mutum ɗaya, saura su ci gaba, har a rage uku.

Hajiya ta ce, “To su wa ke kamo su? 'Yan sanda?”

Na ce, “Zan zo nan, Hajiya.”

Na ba ta labarin jarrabawar tankin ruwa. Sukan ɗaure tanki mai cin lita 200 a saman mota, su sako bututu ta rufin, daidai kan direba. In ka tashi a hankali, ka tsaya a hankali, ka sha kwana a hankali, ka tsira da rigarka. In ka fizgi mota ko ka take birki da ƙarfi, ruwa ya kwararo maka a ka. Ba mai yi maka faɗa, ba mai musu da kai. Ƙafarka ce ta yi laifi, kanka ya jiƙe. Akwai kuma wadda suke kira kafar allura: a jera ƙofofi na soso, faɗin kowace ya ɗan ɗara na mota kaɗan, a ce ka bi ta cikinsu a guje. Mafi yawansu sukan kwashe ƙofar, don idonsu yana kan ginshiƙin da suke tsoron bugewa. Malamin tuƙinsu Philippe Létourneau, wanda tseren mota ne sana'arsa, kullum abu ɗaya yake nanata musu, cewa mota inda ido ya kalla take bi, don haka mutum ya kalli inda yake son zuwa.

Yaya ya yi dariya, karo na farko da ya nuna yana ji. Ya ce, “Irin waɗannan ai tun farko bai kamata a ba su lasisi ba.”

Ban juya ba. Na ce, “Hajiya, ni ma haka na ɗauka da farko.” Don akwai su kam. Akwai wadda in ta hango babbar hanya sai kuka, akwai wanda bai san inda tayoyin motarsa suke ba, akwai dattijuwar da ribas ke gagara. Su ake yi wa dariya, kuma ni wannan ɓangaren shirin ba ya yi mini daɗi, don tsoron mutum ba abin nishaɗi ba ne. Amma da na daɗe ina kallo sai na lura ba su ne ke ɗaga wa malaman hankali ba. Matsoraci ya san yana da ciwo, shi ya sa yake saurare. Wanda ke sa su yi shiru su dubi juna shi ne gwani: mai hannu, mai ido, wanda zai shige kafar allura bai taɓa komai ba, ya fito yana murmushi yana tambayar me ma ya kawo shi nan. Sai a nuna hoton da aka ɗauka a cikin motarsa a garinsu, a gan shi yana gudu, kansa a sunkuye, yana rubuta saƙo. A tambaye shi, ya ce shi ya saba, shi bai taɓa yin haɗari ba, sauran direbobi ne matsala. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Hajiya ta ce, “Uhm.” Cokalin miya ya tsaya a kwanon Yaya.

Irin wannan suna da jarrabawar da suke yi masa. Hanya ce mai sauƙi, an kewaye ta da alamun soso, wadda ɗan koyo ma zai bi. Zai zagaya lafiya lau. Sai a ce ya sake zagayawa, amma ya ci abinci, ya sha ruwa, ya amsa saƙo a waya. Ba gudu ake yi ba, tafiyar cikin unguwa ce. Sai ki ga gwanin nan yana kwasar alamun ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci bai ma san ya taka ba sai an nuna masa. A cikin malaman akwai Cam Woolley, tsohon sajan na 'yan sandan lardin Ontariyo, wanda ya shafe shekaru yana zuwa wuraren haɗari a manyan hanyoyi. Shi ba ya ɗaga murya. Mutumin da ya sha ganin abin da ake cirowa daga cikin mota ba ya buƙatar ihu. Lardin nasu tun 2009 ya haramta riƙe waya a hannu ana tuƙi, amma doka ba ta hana shirin samun masu yi ba har ya ƙare.

Na ce, “Hajiya, lissafin ne ya tsorata ni.” Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa. Karanta gajeren saƙo, a ce daƙiƙa 5. Mita 140 ke nan, ya fi tsawon filin ƙwallo, mota tana tafiya ba direba. In a 120 ne, ya haura mita 160. Da a ce wani ya zo ya ce wa direba ya rufe ido daga wannan raga zuwa waccan, da 'ya'yansa a baya, da sai an raba su faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai amfani da waya a kan tuƙi ya ninka wanda ba ya yi kusan sau 4 wajen yiwuwar haɗari, ta kuma ce mutum kusan miliyan 1.19 hanya ke ci duk shekara, kuma ba abin da ya fi ta kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Da na faɗi wannan sai idon Hajiya ya tafi kan tabarma, inda yaran suka yi barci, ƙaramar da ɗan kumburi a goshi.

Yaya ya ce, a hankali, ba kamar yadda ya saba ba, “Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa.”

Na ce, “Haka ne, Yaya. Allah ya kiyashe mu.” Na koma ga Hajiya.

Akwai wata shekara da aka kai wata mata. Ana tsakiyar ɗaukar shirin aka aiko mata cewa wani ɗan'uwanta ta wajen aure ya rasu a hanya, wani direba ne bai tsaya ya ba da hanya ba. Ta bar shirin ta tafi gida makoki. Ban taɓa mance wannan ba. Wanda ya yi sanadin nan ba lallai mugu ba ne. Wataƙila shi ma mai riƙon gida ne, mai zumunci, wanda ya yi shekaru bai taɓa buge ko kaza ba. Shekarun nan duka ba su amfani mamacin da komai ba.

A ƙarshen kowane zango, ukun da suka rage sai su fita cikin gari na gaske, wasu shekarun Toronto, daga baya Hamilton, Andrew yana zaune a gefensu, su bi ta cikin mutane da fitilun hanya da masu keke. Wanda ya fi ɓarna a ba shi kofi, kofin da ba mai son ɗauka. Wasu malamai kan roƙe su su ajiye tuƙi gaba ɗaya. Shirin ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa. Abin da yake da shi kawai shi ne ya nuna wa mutum kansa yadda na gefensa yake ganinsa kullum.

Hajiya ta ce, “Ba ki gaya mini mai kamo su ba.”

Na ce, “Ba kamo su ake yi ba, Hajiya. Nasu ne ke kai sunansu.” Mata ta rubuta sunan mijinta, ɗa ya rubuta na uwarsa, aboki na abokinsa, uwa na ɗanta. Kuma ba ya rubutawa ya koma gida ya kwanta. Tare suke tafiya, shi ne a kujerar gefe a yawancin jarrabawar, in mota ta daki bango da shi ta daka. Da farko na ɗauka tonon asiri ne, ka kai naka gaban duniya a yi masa dariya. Har yanzu ina ganin akwai abin da bai kamata a nuna ba. Amma idan aka tambayi mai kai sunan dalilinsa, amsar kusan ɗaya ce kullum: yana tsoron ranar da za a kira shi a waya. Wata ta ce ta daina barin 'ya'yanta su shiga motar, wani ya yi shekaru yana riƙe numfashi a gefe yana murmushi. Sun yi shiru don ƙauna, sun yi shiru don girmamawa, har suka gane shirun nasu shi ma yana cikin motar, yana taya direba taka totur. Na gefe shi ya fi kowa sanin gaskiya, don shi idonsa a kan hanya yake lokacin da na direba ba ya kai. In shi bai faɗa ba, sai dai tirela ta faɗa.

Muryata ta fara rawa, sai na yi shiru. Na so in ƙara cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma na ga ya isa.

Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Yaya ya ture kwanon, bai cinye ba. Na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya tsuguna ya ɗauki yarinyar ya saɓa a kafaɗa, ya daɗe yana duban goshinta a hasken ƙwai, ya tashi babban, ya sa wayar a aljihu. Ya ce, “Hajiya, sai da safe. Ƙarfe takwas zan zo mu tafi asibitin.”

Har ya ɗaga labule. Hajiya ta ajiye carbinta a kan darduma. Ba ta dube ni ba, ba ta dubi bango ba. Ta kira sunansa na yanka, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba, har sai da ya juyo da sauri kamar wanda aka watsa wa ruwa.

Ta ce, “Gobe in na shiga motar, wayar nan a hannuna za ta zauna har mu dawo.”