Mesa Ba Ta Son "Ƙara Mana"

Gardin da ke wasa da maciji a kasuwar Gummi ko ta Anka ya riga Bature sanin cewa maciji ba baƙon gidan goggo ba ne. Mu nan, in ka ce ka ƙoshi, sai a ƙaro maka malmalar tuwo, wai kunya kake ji. Haka wasu 'yan Amurka ke yi wa wata ƙaramar mesa da suke kiwo a gida, wadda ake kwasowa daga Togo, Benin da Ghana: ɓera yau, ɓera jibi, wai ta rame. Alhali in ta girma, ɓera ɗaya ya ishe ta mako biyu. A cusa mata fiye da kima, ko a ɗauke ta abinci bai narke ba, sai ta amayo shi ɗungurungum, ga wari. In bai fito ba, kitse ya taru a hantarta.

Wani lokacin kuma ta yi watanni ba ta kalli abinci ba, ba sahur ba buɗa-baki, mai ita na ta zaryar wurin likitan dabbobi. Na ba goggona ta Bukkuyum wannan labari, ta girgiza kai ta ce, "Ɗan nan, ai yaji ne ba su sa mata ba."