Yadda za ki ciyar da gida ba nama, ba tare da an kira taron dangi ba

A watan Nuwamba na 1944, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, wani malamin koyar da aikin katako a Ingila mai suna Donald Watson ya tara 'yan uwansa a ra'ayi, suka kafa ƙungiyar masu ƙaurace wa duk wani abu da ya fito daga jikin dabba. Ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba madara, har zuma ba ta tsira ba, wai haƙƙin ƙudan zuma ce. Mutumin bai bar duniya ba sai a 2005, yana da shekara 95, kuma mabiyansa ba sa gajiya da tuna wa mutane hakan. Tun daga 2014 ma akwai wani gangami a Birtaniya da ake kira Veganuary, inda mutum zai ɗauki alkawarin yin watan Janairu cur bai taɓa kayan dabba ba, abokai suna ta yi masa sannu da ƙoƙari.

Mu nan ba mu kafa ƙungiya ba, ba mu yi gangami ba. Mahauci ya faɗi kuɗin kilo, muka ce Allah ya ba da kasuwa, muka wuce wajen mai wake. Saboda haka, uwargida, ko likita ne ya ce maigida ya rage jan nama, ko tausayin akuya ne ya kama ki, ko kuwa wata ne ya yi nisa, tukunyar dai ɗaya ce. Abin da ya rage shi ne yadda za ki sauke ta bayan kin dawo daga aiki ƙarfe shida, ƙafa ta kumbura, ga yara sun tare ki tun daga zaure da “Umma, me za a ci?” Gwauro ma yana iya karantawa, ba a hana shi ba, ya dai riƙa mayar da “ki” zuwa “ka” a ransa.

Kafin komai, ki yi sallama da tuwo daga Litinin zuwa Alhamis. Ba laifinsa ba ne. Tuwon masara da miyar kuka mai daddawa ba ruwansa da dabba, Watson da kansa zai iya zama ya ci ya suɗe hannu. Amma akwai talge, akwai tuƙi, akwai kwasa da malmala, ga tukunyar miya daban, ga ƙanzon da za a jiƙa. Duk girkin da zai sa ki ɗauki muciya, ko ki aika yaro injin markaɗe bayan Magariba, ki ajiye shi sai Asabar.

Sarkin wannan fage garau-garau ne, kuma ban yarda a yi mini gardama ba. Tukunya ɗaya, wake ya riga shiga, in ya fara laushi shinkafa ta bi shi, gishiri, shi ke nan. Sirrin ba a tukunyar yake ba, yana cikin ɗan kaskon da ke gefe. Ki yanka albasa siri-siri, ki zuba a man gyaɗa, ki rage wuta, ki bar ta har bakinta ya fara yin ja ta soma lanƙwashewa, ƙamshin ya tsallaka katanga, maƙwabciya ta leƙo neman aron ashana alhali da lantarki take girki. Wannan man shi za ki malala a kan shinkafar tana tururi, ki barbaɗa yaji, ki yayyanka tumatir da latas ko kabeji a sama. Kada ki tambaye ni cokali nawa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

In wani ya yamutsa fuska ya ce abincin 'yan makarantar kwana ne, ki gyara ɗaurin ɗankwali ki yi masa lacca. Sinadarin gina jiki da ke cikin hatsi yana da giɓi, na cikin wake ma yana da nasa, amma giɓin ba a wuri ɗaya yake ba, don haka in suka haɗu sai kowa ya cike wa ɗan'uwansa. Ki ƙara masa da cewa babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman wake a duniya, Nijar ce ke bin ta, kuma in yana shakka ya je kasuwar Dawanau ya ƙirga buhuna. Raina wake a ƙasar Hausa rashin kishin ƙasa ne.

Matsalar wake ɗaya ce: ba ya sauri don kina sauri. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ki jiƙa shi da safe kafin ki fita, in kin dawo ki zubar da ruwan ki sa sabo. Zai fi saurin nuna, kuma wani ɓangare na abin da ke kumbura ciki ya tafi da ruwan farko, wanda taimako ne babba ga alwalar maigida tsakanin Magariba da Isha'i. Mai tukunyar firesha ta huta, abin minti ashirin ne. Kanwa ma tana yi, iyayenmu ba su yi ƙarya ba, sai dai ki sa 'yar ƙanƙanuwa, domin in ta yi yawa tana lalata sinadarin bitamin B1, ta kuma mayar da shinkafar launin da ba za ki so ɗaukar hotonsa ba. Matan Turai kan ba da shawarar a dafa wake mai yawa ranar Lahadi a raba a robobi a sa a firji. Shawara ce mai kyau ga wadda unguwarsu ke da wuta. In taku irin tamu ce, ki dafa na kwana biyu ki tsaya nan.

Ranar da kika manta ba ki jiƙa ba, ɗanwake na nan. Ki tabbatar gidanki bai taɓa rabuwa da garinsa ba, na wake da rogo, haɗe a gwangwani. Ki ɗora ruwa, kafin ya tafasa kin kwaɓa garin da kuka da ruwan kanwa, ba ruwa-ruwa ba, ba tauri ba, yadda in kin ɗebo da yatsu zai yi danƙo ya saki da kansa. Sai jefawa, ɗaya bayan ɗaya. Za su nutse, ki ƙyale su. Can za ki ga sun taso suna juyi a saman ruwa, kumfa na neman zubowa, ki ɗan motsa, ki ba su wasu 'yan mintuna, ki ciro ɗaya ki raba shi biyu. In babu ɗanyen gari a tsakiya, ki tsame a ruwan sanyi. Mai, yaji, soyayyar albasa. Dafaffen ƙwan da aka saba ɗorawa a kai, yau yana hutu. Amfanin ɗanwake na biyu shi ne duk wanda ya ci ya sha ruwa ba zai sake neman komai ba sai gobe da hantsi, wasu ma a nan kan tabarma barci ke kwashe su.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Taliyar Hausa da manja da yaji, minti goma. Faten wake da alayyahu, faten doya, faten tsaki da rama da gyaɗa. Kwaɗon zogale, muddin kin sayo dafaffen zogalen, domin wadda ta gaji ba ta zama tsinke ganye. Ki daka ƙuli-ƙuli tun ranar hutu ki adana a kwalba, zai fitar da ke kunya ba sau ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan maigida, wanda shi ne ainihin aikin. Akwai irin mazan da in an ajiye musu kwano sai su ɗauki cokali su fara tono, gabas da yamma, kamar mai neman allura a rairayi, sannan su ɗago kai.

“Maman Abba, naman ya narke ne?”

Kada ki yi ƙarya, ba kyau. Kada kuma ki ce babu, kalmar tana da ɗaci da daddare. Ki ce, “Alhaji, lafiyarka nake dubawa, ai ka ji abin da likita ya ce.” In likita bai taɓa cewa komai ba, ki ce ai gara tun kafin ya ce. In ya nace, ki faɗi kuɗin cefanen da ya bari da safe, a hankali, da murmushi, ki kuma faɗi kuɗin kilon nama. Yawanci a nan zance ke komawa kan siyasa.

Makamin da ya fi wannan shi ne awara. Asalinta daga Sin ne, can sun fi shekara dubu suna cin ta. A ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi aiki sosai wajen koya wa mutane sarrafa waken suya, har da yin awara, yau ga shi babu lungun da ba a soya ta a Kano ko Zariya ko Maraɗi. Ba cewa na yi ki yi da kanki ba. Jiƙo, markaɗe, tata, dafawa, zuba ruwan tsami, matsewa, wannan aikin wuni guda ne, kuma akwai baiwar Allah a layinku da sana'arta ke nan. Ki sayo, ki yanka ƙanana, ki sake soyawa har ta yi ƙamas, ki jefa a miyar tumatir da attaruhu ta sha romo. In an yi sa'a wuta ta zauna, ki daskarar da ita tukuna, in ta narke ki matse ruwan, za ki ga ta yi ramuka-ramuka tana tsotse miya, tana da ɗan tauri a baki. Ba za ta zama tsoka ba, kada ki yaudari kanki. Amma cokalin Alhaji zai ci karo da wani abu, kuma rabin rigimar dama ta cokali ce.

In da gaske kike son bin tsarin har ƙarshe, ki lura da masu shigowa ta bayan gida. Man shanu a kan tuwo, garin kifi ko kirafish a miya, madara a kunu, nono a dambu. Dunƙulen ɗanɗano ma ki karanta jikin takardarsa, musamman mai hoton kaza. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Daddawar kalwa kuwa halak malak, 'ya'yan ɗorawa ce zalla, kuma ita ce ke ba miya zurfin da ake zaton sai ƙashi.

A nan zan ajiye raha na ɗan lokaci. Bitamin B12 ba a samun sa yadda za a dogara da shi a hatsi ko wake ko ganye, daga nama da kifi da ƙwai da madara yake zuwa, kuma rashinsa na kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Kwana uku ko huɗu a mako ba nama ba zai yi wa kowa komai ba. Amma wadda za ta bar kayan dabba gaba ɗaya, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai ƙananan yara, ta ga ma'aikacin lafiya ta sha ƙwayar bitamin ɗin. Sinadarin ƙarfe na wake da ganye kuma ya fi shiga jiki in an haɗa da ɗanyen tumatir ko an matsa lemon tsami, shayi kuwa yana tare shi, don haka a ba da tazara kafin a ɗora buta. Makon babbar sallah kuma ki dakatar da tsarin baki ɗaya, ba wanda zai saurare ki.

Akwai ranar da ko ashana ba za ki iya ƙyastawa ba. Ranar nan ki tuna ƙosai ba shi da dangi a garke, koko ma haka, alala ma haka in ba a sa mata ƙwai ko kifi ba. Gurasa bandashe, da ƙuli-ƙulinta da man gyaɗa da albasa, ita ma ta cika sharaɗi. Ki ba da kuɗi a sayo, ki juye a kwanon gida, ki rufe da faifai, ki kai da sallama. Amma yaro za ki aika, shi ma da kuɗi ƙirgagge, kada ki kuskura ki ce Alhaji ya biya ya taho da ita, domin mai gurasa a gefen mai tsire yake zama.