Mutanen Baƙin Allo

Baƙin allon da ake buga wa Kubernetes umarni iri ɗaya ne a ko'ina, tun da Google ta saki manhajar a 2014. Masu zama a gabansa ne dai Allah ya yi su kala-kala, musamman waɗanda aka damƙa wa amanar rumbunan ajiya na Ceph.

Na farkonsu Sarkin Gaggawa. In kwantena ta ƙi mutuwa, ba ya tambayar dalili, sai ya liƙa wa umarnin --force ya wuce. Masu rubuta Ceph sun san da zamansa, shi ya sa kafin mutum ya goge rumbu sai ya rubuta sunan rumbun sau biyu, sannan ya ɗora da --yes-i-really-really-mean-it, wato rantsuwar cewa da gaske yake, ba wasa ba. An sa wannan shinge ne don hannu ya tsaya, kai ya yi tunani. Shi kuwa gogan ya taƙaita rantsuwar gaba ɗaya zuwa harafi biyu, har yana koya wa yaran ofis, wai dabara ce ta adana lokaci.

Kusa da shi Mai Gadi yake zama. Daga safe zuwa la'asar "ceph status" kawai yake bugawa. Ya ga HEALTH_OK, ya kurɓi shayi. Ranar da faifai ya cika kashi 85 cikin ɗari, gargaɗi ya fito, sai ya kira kowa har da mai shara, amma shi ba zai taɓa komai ba. Jira yake a kai 95, inda Ceph ke daina karɓar rubutu, don ya ce ai ya faɗa.

Ɗan Kwafe kuwa daga intanet yake yanko layin umarni ya manna. Bai san abin da layin ke yi ba, kuma layin ma bai san shi ba.

Wanda nake tausaya wa shi ne Mai Taga Biyu: ɗaya ta gwaji, ɗaya ta ainihin kayan jama'a, dukansu baƙaƙe wuluk. Mutumin kirki ne, ƙwararre ma, sai dai dare ya yi masa nisa. Irin wannan ruɗanin ne ya afka wa kamfanin GitLab a ƙarshen Janairun 2017, aka goge rumbun bayanai a na'urar da ba ita aka nufa ba, aikin kusan awa 6 ya salwanta.

Sai Baba, tsohon hannu, wanda ba ya yarda da komai. Ka ce masa Ceph na ajiye kwafi uku, ya ce, "Yaro, in ka goge, ukun ne za su tafi tare." Ranar Juma'a da yamma kuwa, ko shugaban kamfani ne ya roƙa a taɓa wani abu, Baba zai rufe kwamfutarsa ya ce a gaida gida, sai Litinin.